Koyon Harsunan Waje ta Waya: Ina Aka Kwana a Gwarzo da Kabo?

Wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo shekaru talatin da suka wuce, in yana son jin yadda Balarabe yake magana da Larabcinsa na yau da kullum, sai dai ya jira Allah ya kira shi aikin Hajji, ko ya yi ta murɗa rediyo da daddare yana neman tashar wata ƙasa a gajeren zango. Yau kuwa saurayin da ke zaune a Getso ko Garo, muddin wayarsa na da caji da ɗan data, zai saurari malamin Alƙahira kafin la'asar, ya ji labaran Faransa bayan magariba, ya aika wa wani ɗan Sin saƙon murya kafin ya kwanta. Sai a 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, manyan wayoyi masu intanet kuma sun ɗauki shekaru bayan haka kafin su iso hannun talaka. Ke nan duk wannan sauyi a gaban idonmu ya faru.

Sai dai duk mai hulɗa da matasan yankin ya san masu farawa ba su ƙirguwa, masu kaiwa gaci kuwa da yatsu ake lissafa su. A sauke manhaja da ɗoki, a yi mako biyu ana danne-danne, daga nan a share ta don a samu wurin ajiye hotunan biki. Abin da nake gani shi ne, waya ta kawo mana abu biyu da muka daɗe muna nema, wato muryar masu harshe da abokin magana. Amma yawancin kayan koyon an gina su ne domin mai jin Turanci, kuma babu wata manhaja da ke yin aikin malamin da zai tsare ka ya ce sake faɗa. Waɗanda suke cin riba a nan su ne waɗanda suka ɗora wayar a kan tsarin karatun da muka gada.

Mutanen wannan yanki ba yau suka san darajar hulɗa da ƙasashen waje ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, jiragensa suka yi shekaru suna jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki, sunan garin Kabo ya riƙa sauka a filayen jiragen duniya. Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo, wanda Faransanci ne fanninsa, ya kafa Jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi a 2013, kafin ya buɗe ta Kano a 2021. Darasin da yaran sakandare da yawa suke wa kallon ɓata lokaci, shi ya buɗe masa ƙofar Nijar. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamnatin Kano ta tura ɗalibai karatu ƙasashe daban-daban, har ta haɗa gwiwa da Nijar aka buɗe makarantar harsuna biyu a Yamai. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da tura ɗalibai a 2023, Sanata Barau Jibrin, ɗan ƙaramar hukumar Kabo, shi ma ya tura ɗalibai 70 Indiya a ƙarshen 2024. Ga masu sana'a: wanda ke kai riɗi ko zoɓorodo Dawanau yana gogayya da masu saye daga Indiya da Sin, yaron shago a Kantin Kwari yana karɓar kaya daga Gwanju ta ƙasar Sin, ga layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Ko da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki, takardun kwastan da na banki da shi ake cike su, haka kuma a Binin da Chadi da Kamaru.

Larabci shi ne harshen wajen da ya fi daɗewa a wurinmu, kuma a kansa ne aka fi ganin ƙarfinmu da rauninmu. A zaure, malami yakan karanta Ajurumiya ko Alfiyya ko Muƙamatul Hariri, yana warware wa almajiri kalma bayan kalma da Hausa. Wannan hanya ta fitar da malaman da ke ninƙaya a manyan littattafai, waɗanda Larabawa da kansu suke girmamawa. Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda asalinta makarantar shari'a ce da aka buɗe a 1934, ta ƙara wa abin tsari. Duk da haka, sau nawa aka ga mutumin da ya sha nahawu ya sauka Jidda, direban tasi ya yi masa magana ya rasa ta cewa? Ba gazawarsa ba ce. Idonsa ya saba da harshen, kunnensa da bakinsa ba su samu horo ba. Gwamnatin tarayya ta gane wannan giɓi, shi ya sa ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991 da na Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992, don ɗalibi ya zauna inda ba abin da zai ji sai harshen. Amma wannan gata ne na ɗaliban jami'a masu karantar fannin. Tela a Lakwaya ko mai gyaran babur a Gude ba shi da hanyar zuwa can.

Akwai wani abu da ya nuna ƙarfin kunne tun kafin intanet. Finafinan Indiya sun sa an samu Hausawa masu jin harshen Hindi, wasu har suna fassara wa jama'a a gidajen kallo, alhali ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Tun da kamfanoni irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan, kallon ya yi sauƙi, amma wannan ƙofar koyo ta fara rufewa. To, abin da bidiyon YouTube da shirye-shiryen sauti suke ba mai koyo a yau ya ninka na wancan zamani. Gidan rediyon RFI yana da labarai na kullum da sassauƙan Faransanci, DW tana da darussan Jamusanci kyauta tun daga matakin farko, BBC kuma ta daɗe tana koyar da Turanci. Sai dai sauraro kaɗai ba ya kai mutum. Wata masaniyar harshe a Kanada, Merrill Swain, ta nuna a 1985 cewa yaran da suka shekara da shekaru ana koyar da su komai da Faransanci sun iya fahimta sosai, amma maganarsu cike take da kurakurai, saboda ba a tilasta musu su riƙa furtawa ana gyara musu ba. Sai ka buɗe baki ka yi kuskure, wani ya kama ka, sannan harshe yake zama.

A nan ne Bahaushe yake cin karo da babban shinge. Duolingo, manhajar da ta fi kowace suna a wannan fage, ta fito a 2012, tana koyar da harsuna masu yawa har da Suwahili da Zulu. Babu Hausa a cikin waɗanda take koyarwa, babu kuma darasi ko ɗaya da ake bayaninsa da Hausa. Darasinta na Larabci da ya fito a 2019 an tsara shi ne don masu jin Turanci. A duba abin da wannan yake nufi ga yaron Dugabau da ya sauke Alƙur'ani: za a mayar da shi koyon alifun ba'un da ya sani tun yana shekara biyar, a kuma yi masa bayanin da Turancin da bai kai Larabcinsa ƙarfi ba. An ɗora masa nauyin harshe biyu a maimakon ɗaya, aka kuma zubar da jarin da ya zo da shi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin yaron yakan ɗauka shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali kayan ne ba da shi aka auna su ba. Google Translate ya sa Hausa a 2013, kuma ya taimaka, amma fassararsa tsakanin Hausa da Sinanci ko Turkanci ba ta kai wadda yake yi da Turanci inganci ba, saboda rubutun Hausar da injin ya koya daga gare shi kaɗan ne. ChatGPT da ire-irensa, waɗanda suka bazu tun daga ƙarshen 2022, suna iya zama abokan hira da Larabci ko Faransanci ba gajiya, sai dai in aka ce su yi bayani da Hausa sukan kawo jimlolin da ba Bahaushen da zai faɗa, wani lokacin su yi kuskure cikin cikakken ƙarfin hali.

Abin da ya fi aiki a garuruwanmu ba daga waje aka tsara mana shi ba: ajin WhatsApp ne da na Telegram. Malami, galibi wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar ko Sudan, yakan ɗauki littafin Durusul Luga na marigayi Dakta V. Abdur Rahim, wanda aka fi sani da littafin Madina. Bayan sallar isha'i sai ya ɗauki hoton shafi ya tura, ya biyo shi da saƙon murya na kamar minti goma, ya karanta a hankali, ya yi bayani da Hausa, ya kawo misali da kasuwa da gona da masallaci. Daga nan ya ce kowa ya haɗa jimla biyar da muryarsa ya turo kafin azahar ɗin gobe. Matar aure a Kutama ta jingina wayar a tagar kicin tana saurare tana tuƙin tuwo, in yara sun tafi makaranta ta ɗauki nata ta tura.

"Malam, Allah ya ƙara lafiya, ga nawa a duba mini."

"Madalla, Malama, kin yi ƙoƙari. Amma a jimla ta uku kin ba mace aikatau na namiji. Ki gyara ki sake turowa."

Ta sake, ya ce yanzu ya yi daidai. Wanda ya yi kwana uku bai turo ba ana kiran sunansa a zaure, in ya zarce mako a cire shi.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan tsari: a biya maka, ka karanta a gaban malam, ya gyara, ka koma ka yi tishi, ba ka wanke allo sai ka haddace. Masana sun daɗe da tabbatar da hikimar hakan. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a maimaita ba, kuma maimaitawa da tazara ita ke dasa shi. Manhajoji irin su Anki a kan wannan ka'ida aka gina su. Amma abin da ajin WhatsApp ya fi su da shi shi ne idon mutane. Bahaushe yana jin kunyar a kira sunansa cikin jama'a a ce bai yi aikinsa ba, kuma wannan kunyar tana riƙe shi a ranar da kasala ta zo. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT, a fannoni daban-daban, ya nuna waɗanda suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018 ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Ke nan ko a inda wuta ba ta ɗaukewa, karatun da ba mai bibiya ba ya nisa. Ƙari a kan haka, saƙon murya ba ya cin data sosai, ba ya buƙatar malami da ɗalibi su samu sabis a lokaci guda, kuɗin wata kuma da naira ake turawa. Ga matan da ba sa fita, wannan ita ce dama mafi girma da suka samu tun bayan yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure.

Ba a ce ajin ba shi da aibu ba. Kowa na iya buɗe zaure ya kira kansa malami, kuma kuskuren furucin mutum ɗaya sai ya shiga bakin ɗalibai ɗari biyu. Wasu zaurukan sukan rikiɗe su koma wurin tura sanarwar ɗaurin aure da muhawarar siyasa. Akwai masu karɓar kuɗin rajista su ɓace. Sannan jimla biyar da aka shirya a nutse ba ita ce hira ba. Ajin da ba ya ware ko da rana ɗaya a mako a yi kiran murya kai tsaye, a yi tambaya a amsa nan take, zai sake haifar da giɓin nan na zaure ne a cikin waya.

Maganar lokaci kuwa, ya kamata a faɗa wa matasa gaskiya, domin tallan "ka iya Larabci cikin wata uku" ya yi yawa. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci da Sinanci kuwa kusan awa 2,200. Wanda ke ba manhaja minti 10 a rana yana tara awa 61 ne kacal a shekara, wato sai ya shekara goma kafin ya taɓo ƙasan ma'aunin Faransanci. Mai ba da awa guda kullum zai kai cikin shekara biyu. Lissafin Bahaushe a Larabci zai fi na Ba'amurke sauƙi, tunda ya san baƙaƙen, kunnensa ya saba da sautukan, harshensa kuma cike yake da kalmomin da ya aro daga can. Ko a Sinanci yana da ɗan jari, domin Hausa ma harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna canja ma'ana. Amma jari ba ya hana aiki.

Sai kuɗi da wuta. Shafuka irin su italki da Preply suna haɗa mutum da malami ɗan asalin harshe a yi darasi ta bidiyo, amma da dala ake biya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Darasin dala 10 ya zama naira 15,000, ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000: albashin wata bai sayi darasi biyar ba. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Shi ya sa rumfar mai caji ta zama wani ɓangare na makarantar. Za ka ga wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta a manne, janareta na ruri a baya, samari biyu sun haɗa kai a benci ɗaya yana tura wa ɗaya bidiyon darussa ta Xender, waɗanda ya sauke da datar dare mai rahusa. Da haka darasi ɗaya yake zagaya unguwa ba tare da an sake biyan ko sisi ba. Sabis ɗin ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari: a 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, maƙwabciyar Gwarzo, saboda matsalar tsaro. Mai hankali yakan sauke darasi ya ajiye a katin waya, ya kuma rubuta a littafi.

Wasu za su ce, to me ya sa za a sha wannan wahala tunda waya na fassara? Ɗan kasuwa yana rubuta wa abokin cinikinsa na Sin a WeChat, manhajar ta juya masa, a yi ciniki a gama. Gaskiya ne, don tambayar farashi da adadin katan ya wadatar. Amma ranar da kaya suka zo ba yadda aka yi alkawari ba, ranar da za a sa hannu a yarjejeniya, ko mutum ya tsinci kansa gaban likita ko ɗan sanda a ƙasar da ba tasa ba, injin da ke iya juya "ban yarda ba" ya koma wani abu dabam ba abin jingina ba ne. Jarrabawar gwada ƙwarewa a harshe, irin su IELTS ko DELF ko HSK, ba a shiga da mai fassara. Amana kuma, wadda ita ce ginshiƙin kasuwancin Bahaushe, tana saurin ƙulluwa ne idan mutum ya ji ka gaishe shi ka tambayi iyalinsa da harshen uwarsa.

Iyaye su ma suna da abin lura. Manhajojin musayar harshe irin su HelloTalk da Tandem suna haɗa mutum da baƙin da bai sani ba, a cikinsu akwai na kirki, akwai masu neman lalata, akwai 'yan damfara masu alkawarin biza da aikin yi a ƙasashen Larabawa. Hana yarinya waya ba shi ne magani ba. A san ajin da take ciki, a san malamin, a fi son zauren da mata ke jagoranta ko wanda aka san masu kula da shi.

Turanci ma, in za a faɗi gaskiya, harshen waje ne ga yawancin yaran ƙauyukanmu, duk da shi ne harshen gwamnati. Ba sa jin sa a gida ko a kasuwa, amma sai da kiredit ɗinsa ake shiga jami'a. Duk abin da aka faɗa a sama ya hau kansa, har ma ya fi, domin wanda ya samu Turanci ya samu mabuɗin sauran darussan da ke intanet.

Abin da ya rage aikinmu ne, ba na kamfanonin Amurka ba, waɗanda ba su da dalilin tunawa da Madadi ko Hauwade. Sabon matsugunin Jami'ar Bayero yana kan titin Gwarzo, da malaman Larabci da Faransanci da Hausa a cikinsa. Ga makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo. Waɗannan za su iya tsara cikakkun darussa na sauti da bidiyo, mataki bayan mataki, da bayanin Hausa, marasa nauyi yadda za a tura su daga waya zuwa waya. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu za su iya ware ɗaki guda a sakandaren Gwarzo da ta 'yan mata ta Kabo, a sa masa sola da intanet, a riƙa zaman hira da baƙon harshe sau ɗaya a mako, na maza dabam na mata dabam. Kuɗin wannan bai kai na rabon babura a taron siyasa ɗaya ba.

Ku kuma 'yan'uwa da aka tura Masar da Sudan da Indiya da Turkiyya da Yamai da dukiyar jama'a, kun dawo da harsunan da ƙannenku suke nema ido rufe. Kowannenku ya buɗe aji ɗaya, ya ɗauki mutum ashirin daga mazaɓarsa, ya yi musu bayani da Hausa, ya saurari muryoyinsu ya gyara, ya riƙe su shekara guda cur ba fashi.